Murɗin Bahago

Shekara talatin da ɗaya Bahago ya yi yana haɗa sifirin, wato naɗaɗɗun wayoyin ƙarfe na cikin katifa, a wata masana'anta. Inji ne ke naɗa wayar, amma jerawa da ɗaurewa aikin hannu ne. Yakan sa masu tauri a gefe, masu laushi inda kafaɗa ke sauka, sannan ya murɗe bakin kowace waya da filaya. Da yake da hagu yake aiki, murɗinsa a juye yake fita, abokan aiki suna ta tsokanarsa, wai mai katifar ma a juye zai yi mafarki.

Da katifar soso ta cika kasuwa aka rufe wajen, kowa ya kama gabansa.

Wata safiya, bayan tsufa ya kama shi, yana dawowa daga asibiti sai ya hangi ƙarafan wata tsohuwar katifa an kange lambun wani gida da su. Ya matsa, ya shafa tsatsar da yatsa. Murɗin a juye yake.

Matar gidan ta leƙo. "Baba, lafiya kake shafa mini shinge?"

"Ni na ɗaura wannan, 'yata."

Ta riƙe baki. "Ikon Allah! Ta mahaifiyata ce. Mu shida muka yi tsalle a kanta, ko lotsawa ba ta yi ba. Yadin ne ya gaji."

Da ya koma gida ya ba matarsa labari. Ta yi dariya har da hawaye.

"To, malam gwani, mu kuma ga mu a kan soso, kullum baya na ciwo."