Ciwon Ƙirjin Gwaggo

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta dawo Roni daga gabas da ƙullin kaya ɗaya da buta. Can aka kai ta aure tun ba a haife ni ba. Mutumin da ya rako ta shi ya gaya wa Baba a zaure cewa 'yan bindiga sun shiga garinsu da hantsi a kan babura, sun kashe mijinta da ɗanta na fari a ƙofar gida, tana hange ta kafar zana. Daga bakinta ba mu taɓa jin wannan labarin ba.

Mata suka yi ta zuwa gaisuwa.

"Gwaggo, ya haƙuri?"

"Da godiya," in ji ta, sai ta tambayi yara, ta tambayi yadda gyaɗa ta yi bana. Suna fita suna yabonta, wai ba su taɓa ganin mai tawakkali irinta ba.

Abin da ta yarda yana damunta shi ne ƙirji. Ta ce wani abu ya tokare mata, kamar lomar tuwon da ta ƙi wucewa. Ni na kai ta asibiti a Kazaure. Ta ƙi hawa acaɓa, wai yana tayar mata da ciwon gwiwa, muka tsaya a rana har mota ta cika. Likita ya auna jini, ya saurari ƙirjin, bai ga komai ba.

"Mama, kina yawan tunani ne?" ya tambaye ta.

"Tunanin me, likita? Ina gidan yayana, ina ci ina sha."

Ya rubuta mata maganin olsa. Mahaifina kuma ya karɓo rubutu wajen malam. Ta riƙa shan duka biyun, kowanne ta ce tana jin daɗinsa, don kada ran wani ya ɓaci.

Ranar kasuwa, in 'yan acaɓa suka biyo layinmu a jere, sai mu nemi Gwaggo mu rasa. Mukan same ta durƙushe bayan randa. Takan ce ludayi take nema. Ba wanda ya taɓa ce mata ga shi can a rataye.

Ɗan nata da aka kashe ɗan fari ne, don haka ko yana raye ba ta kiran sunansa, mutuwa kuma ba ta ɗauke mata wannan kunyar ba. Sau ɗaya na ce, "Gwaggo, ba kya tunawa da shi?" Ta ce in duba miya kada ta kama.

Bayan damina wata Bafillatana mai tallar nono ta fara yada zango a gidanmu. Daga wajen Gwiwa take. An ce ɓarayin shanu sun tafi da mijinta tare da garken, har yau shiru. Ita nata ciwon kai ne. Su biyun sukan zauna a gindin darbejiya suna kwatanta ciwo da ciwo.

Wata rana ina ɓarar gyaɗa kusa da su na ji Gwaggo ta ce, "Nawa da hantsi yake tashi."

"Nawa sai yamma, in shanun mutane suna komawa gida," in ji matar.

Gwaggo ta daɗe tana kallon ƙwaryar nonon.

"Wancan yaron ba ya shan fura sai an cika mata yaji," ta ce.

"Dogo ne?"

"Dogo. Ya fi uban."

Hawaye suka zubo wa Gwaggo har haɓa. Ta goge da bakin mayafi, ta ce hayaƙin gidan nan zai kashe mata ido. Ba a hura wuta ba tukuna. Matar ta ce ita ma ta lura da hayaƙin.

Da ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta ce kasuwa mai zuwa za ta taho da wata saiwa mai kyau ga ƙirji. Gwaggo ta ce ta haɗo mata da ta ido.