Mai Faci da Maƙiyinsa na Ƙarshe

Mai Faci mutum ne da in ya ji magana a coci, sai ya ɗauke ta hannu bibbiyu ya kai gida. Yana saurayi fasto ya karanta inda Yesu ya ce a ƙaunaci maƙiyi, a yi wa mai ƙinka alheri. Jama'a suka ce amin, kowa ya kama gabansa. Shi kuwa ya zauna yana tunanin wa zai fara da shi.

Ya fara da maƙwabciyar da ke watsa ruwan wanke-wanke a ƙofarsa. Ya haƙa mata kwata, ya dame ta da gaisuwa har ta rasa inda za ta sa kanta, yau ita ce aminiyar matarsa. Direban da ya taɓa marinsa a kan tsohon tib na taya ma bai kai labari ba. Haka maƙiya suka yi ta lalacewa a hannunsa.

"Baban yara, kai ba ka iya riƙon maƙiyi ba," in ji matarsa. "Duk wanda ka taɓa sai ya narke."

Abin ya dame shi ƙwarai. In suka ƙare, da wa zai cika umarnin?

Allah ya taimake shi da shugaban tashar motar da yake facin taya a cikinta. Wannan kam ya cuce shi, cuta ta gaske. Ya yi masa sharri cewa shi ke watsa ƙusoshi a bakin tasha don ya samu aiki, aka kore shi daga rumfar da ya girma a cikinta, aka ba ƙanin matar Shugaba. Mai Faci ya koma bayan tasha kusa da bola, inda sai keke da baro ke biyowa.

Tun daga ranar, kullum da safe zai saɓa famfo ya nufi gidan Shugaba, ya latsa tayoyin motarsa, ya ƙara musu iska. Shugaba ya zage shi ta taga, shi kuma ya sa masa albarka. Da aka sako masa kare, karen ya bi shi gida, har yanzu yana can. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, Mai Faci yana yabon mutumin da cewa maƙiyi ne mai ƙwari.

Sai aka sauke Shugaba daga kujera, ciwon ƙafa kuma ya kama shi. Wata rana ga shi a bakin bola yana dogara sanda.

"Ƙusoshin nan ni na sa aka watsa," ya ce. "Ka yafe mini."

Mai Faci ya miƙe zumbur. "Ranka ya daɗe, kada ka yi mini haka. Kai kaɗai ka rage mini. Ka zage ni mu koma yadda muke."

"Ba ni da ƙarfin zagi. Ka yafe mini kawai."

Mai Faci ya buɗe baki zai ce ya yafe, maganar ta ƙi fita. Ya sake gwadawa, sai ya ji zafin ranar da aka watso masa kayan aiki a titi yana nan daram a ƙirjinsa, ko kaɗan bai ragu ba. Ashe iska ya yi ta ba mutumin nan, bai taɓa yafe masa ba. Kunya ta kama shi. Ya roƙi Shugaba ya ba shi zuwa gobe.

Washegari ya tafi gidan Shugaba ba tare da famfo ba, yana tafe yana tsayawa kamar mai koyon tafiya. Shugaba da kansa ya buɗe ƙofa.

"Ranka ya daɗe, na zo in ce na yafe," in ji Mai Faci. "Amma ka samo mana kujera, zan daɗe. Ban taɓa yi ba."