Kaset ɗin da ban saurara har ƙarshe ba

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifiyata, Baba ya ba ni wani aiki da na ɗauka wasa. Tsohon ɗan badujala ne, ƙaho ya busa har ya yi ritaya, a can ya kamu da son kiɗan Turawa na goge da sarewa, wanda ba waƙa ba amshi. Na wani Bature guda yake so, manyan kiɗa tara, amma kowanne yana da kaset uku ko huɗu, wai makaɗan daban-daban ne. Ni dai duk ɗaya nake jin su.

Da rediyonsa ta fara cin zare, sai ya ce, "Tafi da su, ki zaɓo mafi kyau a kowanne ki sa mini a waya. Kunnenki ya fi nawa yanzu."

Na kwashe su zuwa gidana a Malali, na zama alƙaliya, ni da ko tafi ban iya ba. Dokata ɗaya ce: wanda ya fi fita tas shi ya ci. A kiɗa na bakwai akwai wani tsohon kaset mai shuuu kamar ana suyar ƙosai, ko minti ɗaya ban ba shi ba. Duk waɗanda suka faɗi sun yi hunhuna, sai na zuba su a shara.

Ranar Asabar na kai masa wayar har gidansa a Abakpa ina ji da kaina. Ya lumshe ido yana bin na bakwai da yatsa. Can tsakiya ya buɗe ido.

"Ba wannan ba ne."

"Baba, wannan ya fi fita."

"Akwai wanda na ɗauka daga rediyo a ɗakin nan. Ana tsaka da kiɗan uwarki ta leƙo ta ce, Malam, tuwo fa zai huce. Har faɗa na yi mata wai ta ɓata mini ɗauka. Yana gidanki ko?"

Ba mu da muryarta a ko'ina. Na faɗa masa gaskiya ina kuka. Sai ya ce, "Ba komai, ni na ce ki zaɓa."

Bai sake tayar da maganar ba har Allah Ya yi masa rasuwa. Ya yafe mini, na sani, amma ni har yau abin yana ci mini rai. Da na yi haƙurin minti goma, da na sake jin muryar uwata.