Kwana Uku a Sansani da Wakilin Iyaye

Mun tashi da asuba daga Ƙanƙara ranar Litinin a bayan motar ɗaukar auduga: ni shugaban makaranta, da malamai biyu, da 'yan aji shida su talatin da ɗaya, sai wani dattijo mai tufkar igiya wanda iyaye suka wakilta. Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, saboda haka da aka ji za mu kai yara sansanin horar da ɗalibai su kwana, gari ya ɗauka soja za a sa su. An shaida mini a gaban mai gari cewa idan dattijon ya dawo da mugun labari, kowa zai cire ɗansa daga makaranta. Shi kansa ɗansa ya tafi yaƙin bai komo ba.

Hanya rabi sabuwar kwalta ce, rabi alkawari. A Mairuwa muka karya kumallo da ƙosai da fura. Dunƙulen da na saya kwabo biyu bara ya koma biyar, da na yi ƙorafi mai furar ta ce ai an ce gwamnati ta yi kuɗi, ni kuwa mutumin gwamnati ne. Dattijon bai taɓa komai ba sai goronsa.

Sansanin yana gindin wani dutse tsakanin Faskari da Sabuwa, tantuna a jere, rafi a gefe, tsaf-tsaf abin sha'awa. Abu guda ya ɓata mini rai: akawun wurin ya hana dattijon kwano da bargo, wai babu sunansa a takarda. Na gaya wa akawun wannan rashin ladabi ne, na kuma rubuta a littafin makaranta. Mai horar da yaran, wani tsohon saje mai ɗingishi, shi ya miƙa wa dattijon nasa bargon.

Talata da safe aka busa usur, yara suka yi layi, aka fara hagu-dama. Dattijon ya tsaya yana kallo, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, ga abin da muka faɗa. Gobe ni da ɗiyanmu mu koma gida."

Na kawo hujjoji iya iyawata, bai saurara ba. Sajen bai yi musu da shi ba. Roƙonsa kawai ya yi ya zo ya duba gadar igiya da yara za su tsallaka rafi a kai. Igiyar roba ce 'yar waje, mai santsi. Dattijon ya jiƙa ƙullin da ruwa, ya fizga, sai ga shi yana zamewa. Ya ce ko jaki ba a ɗaurewa haka. Sajen ya tuɓe hularsa a gaban yara ya nemi a koya masa. Aka kwance duka, dattijon ya sake ɗaurewa yadda ake ɗaure jinkar rumbu, yara suna bi hannu da hannu. Da aka gama, sajen ne ya fara hawa da gurguwar ƙafarsa, bai bar yaro ko ɗaya ya taka ba sai da ya je ya dawo.

Bayan azahar na hange su biyu a ƙarƙashin ɗorawa. Da na zo wucewa na ji sajen yana cewa, "Baba, na ga abin da ɗanka ya gani. Ba ni kai yaron kowa can." Ban tsaya ba, kuma wannan ban rubuta shi a littafi ba sai yau.

Laraba muka hau dutsen, muka hango gonakin Damari da tarin dawa an kafe. A gasar hura wuta 'yan mata suka kunyata maza ƙwarai. Dattijon ya manta da zancen tafiya, yana can yana gyara wa tantuna igiya.

Mun iso gida Alhamis bayan la'asar, iyaye sun cika ƙofar mai gari. Dattijon ya ce ba zai ɓoye masu ba, an yi wa yara hagu-dama. Sannan ya ƙara da cewa:

"Amma mai horar da su ya riga ɗiyanku hawa gadar igiyar. Ku bar su su yi karatu."

Abin da tafiyar ta koya mini, ya ku 'yan'uwana malamai, shi ne tsoron iyaye ba jahilci ba ne, kuma ba a gusar da shi da jawabi. A tafi da su su gani, a kuma yarda su gyara abin da muka ɗaura ba daidai ba. Litinin na kira rajista da kaina. Talatin da ɗaya suka amsa.