Jaridun Cikin Takalma

Shekarar da ƙanina ya tafi Vietnam, ni kaɗai na rage a gidanmu na unguwar Bagadaza. Iyayenmu sun rasu, matata kuma tana Kaltungo wajen jinyar mahaifiyarta, jinyar da ta ci kusan shekara biyu. Shi yana can yana saro takalma yana turowa, ni ina sayarwa a ɗan shagona na kasuwa.

Kowane takalmi yakan zo da takarda cushe a ciki don kada ya lotse. Da farko mai ƙosai nake ba. Wata rana kasuwa ta yi sanyi, na warware ɗaya, sai na ga ashe jarida ce. Baƙaƙen irin na bokonmu ne, amma da ɗigo da 'yan ƙugiyoyi sama da ƙasa. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Akwai dai hoton wasu tsofaffin mata suna motsa jiki a bakin tafki, kowacce da mafici a hannu.

Daga nan na fara tarawa. In na koma gida bayan la'asar, sai in bi su da dutsen guga su miƙe. Wata malamar makaranta da ke ciniki a wurina ta nuna min yadda ake ɗora kyamarar waya a kan rubutu ta fassara shi. Fassarar takan fito a karkace, amma ana ganewa.

Na karanta labarin masu wasan 'yar tsana a cikin ruwa, waɗanda suka tsufa, matasa kuma ba sa son koya. Na karanta wasiƙar wani mutum yana kukan maƙwabtansa sun hana shi sakat da waƙa a lasifika. Akwai kasuwar furanni gab da sabuwar shekararsu, da jiragen ƙasa cike da masu komawa gida. Yawanci rabin labari nake samu, sauran yana cikin wani takalmin da ban san ƙafar da ta sa shi ba. Babu wanda nake ba wannan hira. A tsakar gida nake zama ina karantawa har a kira magariba.

Ƙanin nawa ba ya yawan kira, in ma ya kira maganar kaya ce. Ran nan sai na ci karo da hoton wani masallaci ranar sallah, an rubuta cewa baƙi mazauna birnin sun yi idi. A sahu na biyu ga wani baƙin mutum ya ba da baya, da hula irin tamu. Wuyansa da kunnuwansa sak na ƙanina. Na kira shi. Hamma yake ce min, wato yaya.

"Hamma, lafiya? Kayan ba su iso ba ne?"

"Sun iso. A jarida na gan ka, a masallaci."

Ya yi dariya. "Ba ni ba ne. Ran nan ina wajen lodi. Ai muna da yawa a nan." Sannan ya ce, "Wai karanta su kake yi? Ni ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Wajen wata tsohuwa muke saye a buhu."

"Yaushe za ka zo?"

"Sai dai mu gani, Hamma."

Da kwali na gaba ya iso, na tarar da jarida sukutum a sama, sabuwa, a ninke da kyau. Na zazzage ta ko da wasiƙa a ciki, babu. Kwana tara na yi ina karanta ta, har tallace-tallace da hasashen ruwan sama.

Matata ta dawo bayan rasuwar mahaifiyarta, ta samo min akwati na zuba jaridun. Ƙanina kuwa bara ya yi aure a can. A waya ya faɗa min, kwana uku bayan an ɗaura, na yi masa fatan alheri, muka koma maganar kaya.