Sallamar da Habu Ya Riƙe a Bakin Bindiga

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da wata Laraba a shekarar da aka sake buɗe ƙasar Sin bayan annobar korona. Lokacin ina aikin tafinta a Guangzhou, aka ɗauke ni in tsaya tsakanin wasu 'yan wasan harbi da suka zo horo daga gida da kocinsu, wani dattijo da muke kira Laoshi Chen, wato malam Chen.

Ga yadda wasan yake. Inji ne ke cilla wani ɗan faifai na yumɓu sama, mai harbi ya fasa shi kafin ya faɗi. Laoshi yakan ce hannu ba ya kuskure, zuciya ce ke yi. Dokarsa ɗaya: da mutum ya ɗora bindiga a kafaɗa, ba ya jin kowa, ba ya amsa wa kowa.

Wannan doka ta fi wahalar da Habu, ɗan mafarauta daga Ningi. Idonsa ya fi na kowa, amma ko tari babba ya yi a bayansa sai ya waiwaya ya ce sannu. Makonni Laoshi ya yi yana kiran sunansa da gangan yana cikin saiti, har Allah Ya sa ya koyi yin shiru.

Ranar Larabar aka yi gwajin fitar da wanda zai je gasa. Shugaban tawagarmu, Alhaji Ɗanladi, tun da suka sauka ba mu gan shi a fili ba, yana can kasuwannin Shisanhang da Zhanxi Lu yana haɗa kaya. Sai ga shi ana tsakiyar gwaji, tare da wani tsohon ɗan kasuwar Kano, Alhaji Mudi, da ya kawo kallo. Alhaji Ɗanladi ya tsallake layin da ba a tsallakewa, ya tsaya daidai ƙeyar Habu.

"Salamu alaikum!"

Na yi maza na amsa, don tun muna karatun allo aka sanar da mu in mutum ɗaya ya amsa ya ɗauke wa jama'a. Bai ko dube ni ba.

"Kai Habu! Ba da kai nake ba?"

Duk da toshin kunne, yaron ya ji. Bai waiwaya ba, amma faifan ya wuce lafiya lau. Faifan da ya biyo baya ma haka, har aka gama bai dawo hayyacinsa ba.

"Ka ga irinta ko?" in ji Alhaji. "Ba tarbiyya, ba iya harbi. Malam Isa, faɗa wa mutumin nan na cire shi."

Wallahi sai da na yi ta'awwizi kafin bakina ya buɗu. Mutumin da bai san ta ina ake ɗura harsashi ba, shi ne zai rushe aikin makonni da baki ɗaya, sannan ya ɗora laifin a kan yaro!

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ɓata masa harbin."

"Ni? Sallamar ce laifi? An kawo ka fassara ko wa'azi?"

Na juya na fassara wa Laoshi komai, ban rage ko wasali ba. Ya girgiza kai ya ce, "Meiyou," wato babu. Babu sakamakon da zai sa wa hannu, sai an sake gwaji gobe, kuma shugaba ya tsaya bayan shinge. Alhaji ya shiga faɗa, wai an raina shi a gaban baƙonsa. Baƙon ne ya kashe maganar.

"Haba Ɗanladi. In ka tarar da mutum yana salla, ai jira kake ya idar."

Da yamma na sami Habu ya kasa cin abinci. Cirewar ba ta dame shi kamar yadda ya ƙyale babba ba. Na ce masa, "Sallama bashi ce, amma ba ta ruɓewa. Riƙe masa ita har ka sauke bindiga."

Ku da kuke shigowa aikin kula da 'yan wasa, ku sani ɗan wasa ba ya faɗuwa shi kaɗai. Sau da yawa na bayansa ne ke tura shi, da sunan girma ko da sunan kulawa, kuma su ne na farko wajen cewa bai iya ba.

Washegari Habu ya fi kowa fasa faifai, Laoshi ya sa hannu. Yaron ya buɗe bindigarsa ya ajiye, ya cire toshin kunne, ya taka har bakin shinge ya durƙusa.

"Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Taka ce ta jiya."

Alhaji Ɗanladi ya daɗe yana gyara hularsa. Can ya miƙa hannu ta saman shingen.

"Na karɓa. Tashi, ɗana. Ni ma ka yafe mini tawa."