Marurun Iya Hure da Furar Gayya

Jama'a bari in ba ku labarin kakata Iya Hure, wadda ta haifi babana. In ka taɓa bi ta ƙauyenmu nan wajen Bagwai ka sha fura to tata ce. Tun tana yarinya take daka, wajen gwaggonta ta koya, da kakanmu ya rasu da furar nan ta riƙe gida har ta aurar da su babana, ba ta taɓa zuwa ƙofar kowa roƙo ba. Daka dai kowa yana taya ta, amma curawa, wato a mulmula a barbaɗe da gari, ba ta yarda wani ya sa hannu. Mutane ma ba sa yarda, wai hannunta ne mai albarka, in wata ta cura sai su ce salam.

To kwanan nan Alhaji Hashimu ya kira gayyar yankan shinkafa a gonarsa ta Watari, ya aiko a yi masa fura. Lokacin maruru ya fito wa Iya a gindin babban yatsa, ya nuna har ya fashe yana ruwa. Babana ya ce, "Iya ki bari Tahira ta cura mana," Tahira ni ke nan. Ta ce, "Wannan mai son jikin? Alhaji hannuna ya ce." Sai ta matse marurun ta barbaɗa masa garin gero ya bushe, haka ake yi a gidanmu tun da, ta ci gaba da curawa. Fura ta kwana a rufe cikin ƙwarya ga uban zafi, da hantsi aka kai gona aka dama da nono.

Innalillahi! Kafin azahar ƙarti suna ta zubewa cikin shinkafa, amai da gudawa, wani ko tsayuwa ba ya iyawa. Naziru ɗan Alhajin a mashin aka tafi da shi asibiti an sa shi a tsakiya. Ni ma na sha ragowa a gida, na ɗauka mutuwa zan yi. Allah ya taimaka ba wanda ya rasu, amma kafin la'asar magana ta cika gari wai Iya guba ta zuba, don da rani babana sun yi faɗa da Alhaji a kan layin ban ruwa. Iya fa! Matar da ko kaza ba ta iya gani ana yankawa. Aka daina aiko yara sayen fura, mata in sun gan ta a rijiya sai su yi shiru, wasu har suna cewa a kai ta wajen 'yan sanda. Ta daina cin abinci, hannun kuma ya kumbura ya yi suntum har wuyan hannu.

Babana ya kai ta asibiti na bi su. Likita ya tura mu ɗakin gwaji wajen wata Anti Ramlat, ta ɗebi mugunyar da ɗan tsinke mai auduga ta shafa a gilashi ta zuba kala ta sa a madubin likita. Ta ce, "Iya zo ki gani da idonki." Iya ta kanne ido ɗaya ta leƙa, sai ta ja da baya ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Mene ne wannan curi-curi kamar an tara fura a ƙwarya?"

Anti Ramlat ta yi dariya ta ce ƙwayoyin cuta ne, ƙanana sosai ido ba ya ganinsu, kuma irin waɗannan masu kama da ƙwallo da yadda suke zama ake fara gane su. Waɗannan da suke taruwa a dunƙule su ne na maruru da ƙuraje masu mugunya. Akwai masu jerawa kamar carbi, su ne na ciwon maƙogwaro da zazzaɓin da yake kama mai jego, in an yi sakaci har zuciyar yaro suna taɓawa. Akwai kuma masu zama biyu-biyu kamar tagwaye, a cikinsu ake samun na sanƙarau da na ciwon huhu. Ni ma na leƙa, wallahi duk shuɗi-shuɗi ne sun taru tsibi-tsibi.

Iya ta ce, "'Yar nan, wa ya zuba min su?"

"Ba kowa Iya. A fatar mutane suke zaune da cikin hanci, ƙila ni ma ina da su. Kin taɓa abinci da hannun nan?"

Babana ya ba Anti Ramlat labarin gayya. Ta ce ba za ta rantse ba tunda ba ta gwada furar ba, amma haka suke yi, in sun shiga abinci ya jima a zafi sai su hayayyafa su saki dafi, ko an tafasa dafin yana nan. Iya ta zauna a benci tana kallon yatsan kamar ba nata ba.

A hanya babana ya ce mu yi shiru kawai mu ce nonon ne ya lalace. Iya ta ce, "In ɗora wa Sa'adiyya mai nono? Da me za ta ci da 'ya'yanta?" Ko gida ba ta shiga ba, ta wuce zauren Alhaji da hannu a naɗe, ga mai unguwa a wajen ga mutane. Ta durƙusa ta ce, "Alhaji ban zuba maka guba ba, Allah ne shaidata. Amma hannuna ne." Ta faɗi komai, har garin da ta barbaɗa, ta ce in ba su yarda ba su je a nuna musu. Wani ya ce, "Wato mugunya muka sha?" ya fita da gudu yana kakari. Alhaji ya ce, "Tashi Hure, Allah ya kiyaye gaba. Maganar guba kuma kar in ƙara ji daga bakin kowa."

Maganar 'yan sanda ta mutu a nan. An yi mata allurai hannun ya saɓe, ta koma daka, amma masu gayya duk sun koma wajen wata, maƙwabta ne kawai suke aikowa, su ma ba duka ba. Yara kuma sun sa mata suna Mai Furar Maruru, jiya har a ƙofar gida suka faɗa, na ɗauki taɓarya zan bi su ta riƙe min zani.

Ta ce, "Ƙyale su, ai ba ƙarya suka yi ba. Jeki tankaɗe min garin nan."